Haƙƙin Mallaka: Littafin Mace, Sunanta Da Kuɗinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, yau zan ajiye darasin da muke kai, saboda wani saƙo da ya shigo mini cikin makon nan ya ƙi fita daga raina. Wata baiwar Allah ce, matar aure, cikin masu rubuta labarai a waya. Ta ba ni izinin kawo maganar, da sharaɗin kada in faɗi sunanta ko garinsu.

Ta ce: "Malam, wata takwas na yi ina rubuta littafin nan. Sai yara sun yi barci nake zama in danna waya har idona ya yi ja. Da na gama na sa shi naira 500, na buɗe guruf a WhatsApp na waɗanda suka biya. Ko sati ba a yi ba wata a cikinsu ta fitar da shi, ya zaga ko'ina kyauta. Yanzu kuma wani yana karanta shi a YouTube da muryarsa, ya sauya wa littafin suna, ya cire nawa. Da na yi masa magana sai ya ce in gode masa, talla yake mini. Ɗan abin da aka biya kuwa ta asusun maigidana ya shigo, don ni ba ni da asusu, kuma har yau bai ce da ni komai ba. Malam, ina da haƙƙi a wurin Allah, ko dai in haƙura tunda labari ne kawai?"

Kun ji fa. Mutum uku ne a kanta: wadda ta fitar, wanda ya karanta, da wanda take kwana ɗaki ɗaya da shi. Kuma na tabbata kowannensu ya yi sallar asuba ranar, bai ji ya taɓa kayan kowa ba.

Mu fara da tambayar da ta fi ta'azzara: rubutu dukiya ne?

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce, ai ban ɗauke mata komai ba, kwafi na yi, nata yana nan a wayarta. Wani kuma ya ce ilimi ba a sayar da shi. Ba zan ce malamai ba su taɓa saɓani a kan wannan ba, sun yi. A da, littafi da hannu ake kwafarsa, wahalar tana kan mai kwafa, don haka ba a san wani ciniki mai suna haƙƙin wallafa ba. Da injin ɗab'i ya zo aka fara buga dubbai a sayar, sai lamarin ya sauya. Ingila ta yi dokarta a 1710, aka ƙulla yarjejeniyar ƙasa da ƙasa a birnin Bern na Suwizalan a 1886, mu kuma mas'alar ta iso wa malamanmu a matsayin sabon abu da ke neman hukunci. Mufti Muhammad Shafi' na Pakistan yana cikin waɗanda suka ƙi yarda a sayar da wannan haƙƙi, bisa asalin Hanafiyya cewa dukiya ita ce abin da ake iya riƙewa a adana. Daga baya ɗansa, Mufti Taƙi Usmani, ya karkata ga halasci, saboda al'adar mutane ta riga ta mayar da shi abu mai daraja da ake ciniki a kansa.

Mu da muka tashi a kan Malikiyya, abin ya fi mana sauƙi, domin a wurinmu da Shafi'iyya da Hanabila amfani ma dukiya ne. Shi ya sa ake biyan kuɗin haya alhali ba a ɗauke gidan an tafi da shi ba. Kuma a watan Disamba na 1988, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta fitar da matsaya mai lamba 43, inda ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira mallakin masu su ne, suna da ƙima ta kuɗi, shari'a tana kare su, kuma bai halatta a yi ta'addanci a kansu ba. Wannan shi ne abin da na gamsu da shi.

Sannan ko da mun bar maganar kuɗi, akwai abin da ba a taɓa yin saɓani a kansa ba: jingina magana ga mai ita. Duk ilimin isnadi a kan wannan aka gina shi, wane ya ji daga wane. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan hijira, sai da ya rubuta risala sukutum mai suna Al-Fariƙ bainal Musannifi was Sariƙ, wato bambanci tsakanin mawallafi da ɓarawo, don wani ya kwashi littattafansa bai ambace shi ba. Kuma a Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya kamanta mai tutiya da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya guda biyu. To mai cire sunan marubuciya ya ɗora nasa, a ina ya faɗa?

Wadda ta fitar da littafin daga guruf kuwa, tata mai sauƙi ce. Da sharaɗi ta shiga, ta san sharaɗin, ta karya. Naira 500 ɗinta izinin karatu ta saya, ba izinin rabawa ba. Wai ita a ganinta taimako ta yi wa marasa kuɗi. To a yi taimako da aljihun kai mana. Ki biya wa ƙawarki, ladan naki ne. Amma kyauta da kayan wani, wannan ba sunanta kyauta ba.

Yanzu ga dokar ƙasa, don da yawa daga cikin marubutanmu ba su san abin da suke da shi a hannu ba. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta, da zarar kin rubuta labarinki, a takarda ne ko a waya, ya zama naki, ba sai kin yi rajista ba. Rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ganin dama ce, amfaninta shi ne ta zame miki shaida ranar rigima. Haƙƙin littafi yana nan tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Na fim da na sautin da aka naɗa shekara 50 ne. Fassara littafin, mayar da shi fim, karanta shi ga jama'a, ɗora shi a intanet, duk sai da izininki. Kuma ko kin sayar da littafin ɗungurungum, haƙƙin a ambaci sunanki a matsayin wadda ta rubuta yana nan, ba ya bin kuɗin. Dokar ta kuma buɗe hanyar da za ki aika wa kamfanin da aka ɗora kayanki a shafinsa takardar ƙorafi don a sauke.

Abu ɗaya da ya kamata a fahimta, don kada a zalunci wasu su ma: doka ba ta kare jigo, yadda aka rubuta shi take karewa. Labarin kishiya ko auren dole ba na kowa ba ne. Amma tsarinki, jeren abubuwan da suka faru, maganganun taurarinki, waɗannan naki ne.

To, na karanta abin da na karanta, ban ga wurin da dokar ta ce namiji kaza mace kaza ba. A takarda kowa ɗaya ne. Me ya sa to kuka ya fi yawa a ɓangaren mata?

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne laifinmu yake.

Namiji idan ya rubuta littafi, shi zai je maɗaba'a, shi zai kai wa 'yan kasuwa, shi zai koma karɓar kuɗi. Idan aka yi masa wasa ya san shagon, ya san mai shagon, ya san wanda zai kai wa ƙara. Mace kuwa a mafi yawan lokuta tana gida. Aike take yi. Ƙaninta ne zai kai, wani "yayanmu a harkar" ne zai yi mata ciniki, abin da aka dawo aka faɗa mata shi ne gaskiya don ba ta da wata. Tun zamanin da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano a shekarun 1980 da 1990, lokacin da mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka yi suna, tsarin ke nan: marubuci ya buga da kuɗinsa, ya ba ɗan kasuwa bashi, ya yi ta sintiri. Wanda ba ya iya sintiri shi ake fara mantawa da shi. Yau kasuwar ta koma waya, amma mai shiga tsakani bai mutu ba, riga ya sauya. Shi ne mai tasha a YouTube, shi ne mai shafin da ke tara littattafai, shi ne mai asusun da kuɗi ke shiga.

Sai kunya. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata cewa neman haƙƙi rashin kunya ne. Furodusa zai kira ta ya ce, "Hajiya, labarin nan naki ya yi, za mu yi fim, za ki ji alheri." Ita kuma ta ce, "Ba komai, Allah Ya sa albarka." An gama ciniki ke nan! Ba takarda, ba shaida, ba adadi. Alhali a dokar, wanda ya ɗauki nauyin shirya fim shi ake ɗauka mai fim ɗin, sai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. Idan ba ki rubuta abin da za a ba ki ba, da yadda sunanki zai fito, da ko izinin na fim ɗaya ne ko har da ci gabansa, to me za ki riƙe? Kuma ku lura da wannan: dokar ta ce sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Ashe rashin takardar ma ba ke kaɗai yake cuta ba, wanda ya ce kin sayar masa da baki shi ma ba shi da madafa.

Abin mamaki, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Mu ne ya kamata mu fi kowa son takarda. Amma yau idan mace ta ce a rubuta, sai a ce ba ta yarda da mutane ba.

Sai maganar suna. Akwai masu ganin bayyana sunan mace a bangon littafi tonon asiri ne, don haka da yawa suke fakewa da Maman wane ko Ummu wane. Wadda ta zaɓi haka don kanta, ba laifi, alkunya abu ne mai kyau kuma doka ma ta san da sunan aro. Sai dai ta sani, lissafin shekarun kariya yana sauyawa: idan ba a san mai littafin ba, shekara 70 ɗin daga ranar fitar da shi ake ƙirgawa, ba daga rasuwarta ba. Kuma ranar da aka sace, tabbatar da cewa ke ce Ummu wane ɗin wani aiki ne.

Amma a ce addini ne ya hana a ambaci sunan mace a kan iliminta, wannan ban san inda aka samo shi ba. Nana A'isha (RA) an ruwaito hadisi 2,210 daga gare ta, kowanne da sunanta. Karimatu al-Marwaziyya, wadda ta rasu a Makka a 463 bayan hijira, tana cikin manyan hanyoyin da Sahihul Bukhari ya iso mana, Khaɗibul Baghdadi da kansa a gabanta ya karanta littafin. Faɗimatu 'yar Ala'uddin as-Samarƙandi, matar Imam al-Kasani mai Bada'i'us Sana'i'i, malaman tarihi sun ambaci cewa fatawa kan fita daga gidansu da rubutun hannunta tare da na mahaifinta da na mijinta. Mijin bai ce a goge nata ba. A nan gida kuma ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajis suna ɗauka suna kai wa mata a ƙauyuka, kuma har yau mun san wanne ne nata. Da an bi ra'ayin masu gogewa, da yanzu wani ƙato ake jingina wa.

Suna ba ado ba ne, shi ne igiyar da ke ɗaure aiki da mai shi. So Aljannar Duniya da kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, har gobe idan aka ambace shi sai an ambaci Hafsat Abdulwaheed. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat an mayar da shi fim, sannan a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Daga Indiya fa. Da a ce tun farko wani ya cire sunanta ya sa nasa, wa za a nema?

Yanzu ga maigida, kuma a nan zan yi magana a hankali don ba na son in rusa gidan kowa.

Ɗan uwa, kuɗin nan ba naka ba ne. Shigowarsu ta asusunka amana ta mayar da su, ba mallaka ba. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ba maza rabo daga abin da suka tsiwirwira, ta ba mata rabo daga abin da suka tsiwirwira. Aya ta 4 a surar ta nuna ko sadakin da kai ka bayar da hannunka ba ya halatta gare ka sai da daɗin ranta. To ina ga abin da ta yi da idonta da barcinta? Zainab matar Abdullahi bin Mas'ud (RA) mai sana'ar hannu ce, ta aika a tambayi Annabi (SAW) ko za ta iya ba mijinta da marayun da ke hannunta sadaka, aka ce tana da lada biyu. Ka tsaya ka yi tunani: ana ba mutum sadaka daga abin da yake nasa ne?

Na san wani ɗalibi zai ce ai a Malikiyya miji yana da ta cewa a dukiyar matarsa. Eh, akwai wannan, amma a karanta shi daidai. Abin da suka ce shi ne yana iya hana ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta. Kyauta, ba ciniki ba. Kuma hanawar ba ta mayar da ko kwabo ya zama nasa. Haka nan yana da haƙƙi a kan lokacinta da fitarta, wannan a zauna a daidaita. Amma ka yarda ta yi aikin, sannan ka zauna a kan kuɗin, ka yi shiru kana jiran kunya ta hana ta tambaya, abin da aka karɓa da kunya ba daɗin rai ba ne.

Muna yawan alfahari cewa Musulunci ya riga Turawa. Gaskiya ne. A Ingila ta ƙarni na 19, marubuciya Caroline Norton ta rabu da mijinta amma doka ta ba shi ikon karɓe kuɗin rubutunta, don a lokacin abin da matar aure ta samu na miji ne. Sai a 1870 da 1882 aka yi dokokin da suka ba matan aure ikon mallakar abin hannunsu. Mu an ba tamu tun ƙarni na bakwai. To amma alfaharin me za mu yi idan su sun gyara tasu dokar, mu kuma muna aikata abin da suka bari?

Wani abu kuma da na sha ji, har daga bakin masu gemu: wai tunda a gado mace rabin namiji take samu, to a ladan aiki ma haka. Subhanallah. Wannan ƙiyasi ne marar tushe. Gado hukunci ne na musamman da Allah Ya yanka da Kansa, a wasu surorin ma mace tana samun daidai da namiji ko fiye. Ladan aiki kuwa a kan aikin yake. Mudun shinkafar mace ba ya zama rabin mudu don ita ta kawo shi kasuwa. Idan kana biyan marubuci namiji kaza a kan labarin fim, ka zo kan mace ka rage don ka san ba za ta ɗaga murya ba, ka ci rauninta ne. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikin cif, ya hana shi ladansa.

Tunda an taɓo gado, ga tunatarwa ga masu rabo. Idan marubuci ya rasu, haƙƙin littattafansa yana cikin tarika, kamar gona da shago. Ba na babban ɗa ba ne don shi ya san maɗaba'a. Matansa da 'ya'yansa mata suna da kasonsu a duk bugun da aka sake yi. Haka idan marubuciya ce ta rasu, miji kasonsa kawai yake da shi, rabi ko rubu'i, sauran na magada ne. Na halarci rabon gado da dama, an ƙirga har tukwane, ban taɓa jin an tambayi littattafai ba.

Na san tun ɗazu akwai wanda ya ƙagu ya ce: Malam, kana kare masu rubuta batsa? A'a. Akwai rubuce-rubucen da ke yawo a waya da ko sunansu ba zan iya faɗa ba, masu yin su su ji tsoron Allah, kuɗin da suke karɓa ba tsarkakakke ba ne. Amma ɗan uwa, idan littafin haram ne, me ya kai ka karantawa har ka tura wa wasu? Ka tara laifi biyu ke nan. Idan kuma halal ne, ka biya. Ba za ka ci tuwon ba sannan ka ce mai tuwon fasiƙa ce don kada ka ba ta kuɗinta. Littafin baiwar Allahn nan na duba abin da ta turo mini, labarin marainiya ce da riƙon kawu, ban ga abin kunya a ciki ba.

Ga abin da na ce da ita.

Na ce, Malama, kina da haƙƙi, a nan da can. Ki tattara shaidarki: rubutun farko da ranakunsa, saƙonnin waɗanda suka biya, hoton maganar da kuka yi da mai tashar inda ya amsa cewa naki ne. Ki sake yi masa magana sau ɗaya cikin mutunci, ki ba shi zaɓi: ko ya mayar da sunanki da sunan littafin ku rubuta abin da zai riƙa ba ki, ko ya sauke. In ya ƙi, YouTube yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, kyauta ne, sai dai ki sani za a nuna masa sunan wanda ya kai ƙarar, don haka ki yi shawara da maigida kafin ki cika. Ki shiga ƙungiyar marubuta, don wanda yake shi kaɗai shi ake rainawa. Ki buɗe asusu da sunanki. Wadda ta fitar kuma, in ta nemi yafiya kika yafe, kin yi falala, in kin ce sai ta biya, ba ki yi zalunci ba.

Maganar maigida na ce ta bari sai ya ci ya ƙoshi, ta tambaye shi da lafazi mai daɗi, wataƙila ma mantuwa ce ko yana zaton ta bar masa. Jiya da daddare ta turo mini cewa ta tambaya. Ya yi shiru, ya ce ya taɓa wani abu a ciki lokacin kuɗin makarantar yara, amma zai cika mata ƙarshen wata. Ta ce masa a rubuta. Ya yi dariya, ya ɗauko biro.

Mai tashar kuwa har yanzu bai amsa ba.

Wallahu a'alam.